Mura, Tamiflu Da Farasitamol: Lissafin Da Ake Mantawa A Kantin Kemis

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa daga ƙarshen watan Nuwamba, kasuwa takan buɗe wa masu kantunan magani tun daga Kano har Legas, domin a wannan lokaci babu abin da ke fita kamar maganin mura da na ciwon kai da na zazzaɓi. A 'yan shekarun nan kuma wani kaya ya shigo cikin lissafin, wato magungunan da ke yaƙar ƙwayar bairas mai haddasa mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza. 'Yan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Dubai da Sin da Saudiyya sukan dawo da su a jaka bayan likita ya rubuta masu a can, wasu asibitoci masu zaman kansu a nan gida ma suna bayarwa. Tambayar da takan biyo baya ita ce, shin mutum zai iya shan irin wannan magani tare da farasitamol ko ibufurofen ɗin da ya saba saye ba tare da takardar likita ba?

Amsar ita ce zai iya. Takardar bayanin da ke cikin kwalin Tamiflu, wanda shi ne ya fi shahara a cikin waɗannan magunguna, ta nuna cewa an gwada shi tare da farasitamol da kuma asfirin, ba a ga ɗaya ya dagula aikin ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne kowanne da fagensa. Tamiflu yana toshe wani sinadari ne da ƙwayar bairas ke amfani da shi wajen ficewa daga ƙwayar halittar da ta kama don ta afka wa wata, ke nan yana rage mata saurin yaɗuwa a jiki, sa'an nan ya fita ta ƙoda. Farasitamol kuwa ba ruwansa da bairas ko kaɗan. Zafin jiki yake saukarwa, ya lafar da ciwon kai da na gaɓoɓi. Saboda haka likitoci sukan rubuta su tare. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen magunguna masu arha, waɗanda kowa ke ganin ya san su, kuma a nan ne aikin mai kanti da na mai saye ya fi yawa.

Kafin a kai can, ya kamata a bambance mura da mura, domin a Hausa suna ɗaya muke ba su duka. Murar da ke zuwa da atishawa da yoyon hanci, mutum na yi yana harkarsa, wasu ƙwayoyin bairas ne daban ke kawo ta, kuma Tamiflu ba ya yi mata komai. Infuluwenza kuwa takan rafke mutum ne lokaci guda, da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki da busasshen tari da kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 1 ke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 daga cikinsu sukan jigata, sa'an nan tsakanin 290,000 zuwa 650,000 sukan rasu ta hanyar matsalar numfashi. Wanda ya sayi maganin infuluwenza don murar hunturu ta yau da kullum ya zubar da kuɗinsa ne kawai.

Tarihin cinikin Tamiflu shi kansa abin dubawa ne ga ɗan kasuwa. Kamfanin Gilead na Amurka ne ya gano sinadarin, mai suna oseltamibir, ya ba kamfanin Roche na Suwizalan lasisinsa a 1996, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1999. Kasuwarsa ba ta yi wani armashi ba sai da fargabar murar tsuntsaye ta mamaye duniya wajen 2005, gwamnatoci suka shiga rububin tara shi a rumbuna. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba wajen wannan fargaba, domin a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar cutar a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka. Da murar aladu ta zo a 2009, cinikin Tamiflu na wannan shekara kaɗai ya haura kuɗin Suwizalan biliyan 3. Gwamnatin Birtaniya ta kashe fam miliyan 424 wajen tara shi cikin 'yan shekaru.

Sai dai a 2014 ƙungiyar masana ta Cochrane, bayan doguwar taƙaddama da kamfanin a kan sakin cikakkun bayanan gwaji, ta fitar da sakamakon cewa a jikin babban mutum maganin yana rage tsawon jinya ne da kimanin sa'o'i 17, wato ƙasa da kwana ɗaya, tare da ƙarin tashin zuciya da amai ga wasu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke shi daga sahun farko na jerin muhimman magungunanta zuwa sahu na biyu. Wannan bai sa ya zama na banza ba. Ga mai jini a jika da ba shi da wata cuta, ribar kwana guda ce, kuma shi zai auna ko ta kai kuɗin. Amma ga tsoho, da mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai asma ko ciwon sukari ko ciwon zuciya, da mai cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita, lissafin ya sha bamban, domin su ne murar kan gangara masu zuwa huhu. Ga irin waɗannan, da kuma wanda ciwon ya riga ya tsananta, likita ne zai yanke shawara, kuma da wuri.

Maganar da wuri tana da muhimmanci. Babban mutum yakan sha miligiram 75 sau biyu a rana har kwana biyar, kuma amfanin ya fi fitowa idan an fara cikin sa'o'i 48 da bayyanar alamu. A nan ne farasitamol kan yi wa mutum wayo. Ya sha da safe zazzaɓi ya sauka, ya fita kasuwa; da yamma ya dawo, ya ƙara sha. Kafin ya yarda cewa abin ya fi ƙarfin kemis, kwana uku ko huɗu sun wuce, lokacin da maganin bairas zai fi yi masa aiki ya kuɓuce. Haka nan wanda ya fara Tamiflu, ya ga jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu, kada ya ajiye sauran. Sau da yawa farasitamol ne ya ba shi wannan sauƙi. Shan sa bayan an ci abinci yana rage tashin zuciya, mai ciwon ƙoda kuma dole a rage masa adadi.

Yanzu sai a zo ga lissafin farasitamol, wanda shi ne ƙashin bayan wannan magana. Iyakar abin da babban mutum mai lafiyayyar hanta zai sha shi ne miligiram 1,000 a lokaci guda, da tazarar sa'o'i huɗu zuwa shida, kuma kada ya wuce miligiram 4,000 cikin sa'o'i 24. Tunda ƙwaya ɗaya yawanci miligiram 500 ce, ƙwaya takwas ke nan. Kusan kowa ya san biyu-biyu ake sha. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, farasitamol yana shigowa jiki da sunaye masu yawa. Panadol farasitamol ne. Panadol Extra farasitamol ne da sinadarin kafin. Procold da Mixagrip, da ake saye da sunan maganin mura, duk akwai farasitamol a cikinsu, an haɗa shi da maganin toshewar hanci da na atishawa. Akwai kuma magungunan ciwon jiki da ake haɗa shi da ibufurofen a ƙwaya ɗaya. Wanda ya yi sayayya a Amurka zai ga an rubuta acetaminophen a jikin kwali, alhali a nan paracetamol ake rubutawa, kuma abu ɗaya ne. Tylenol ɗin da ake tsaraba da shi ma shi ne.

Alal misali, a ɗauki ɗan kasuwar da mura ta kwantar. Yana shan farasitamol biyu-biyu sau uku a rana, miligiram 3,000 ke nan. Don hanci ya toshe, ya ƙara da maganin mura mai miligiram 500 sau uku, ya zama 4,500. Da dare kai ya sara, aka miƙo masa wasu ƙwayoyi biyu na ciwon kai, ya kai 5,500. A ganinsa magani uku daban-daban ya sha, kowanne bisa ƙa'ida, amma a wurin hanta magani ɗaya ne ya wuce kima, kuma idan aka yi kwana uku ko huɗu a haka ɓarna na iya faruwa. Hanta tana sarrafa mafi yawan farasitamol lami lafiya, amma wani ɗan kaso yakan rikiɗe ya zama guba, wadda hantar ke da tanadin kashewa. Idan adadin ya yi yawa tanadin ya ƙare, sai gubar ta fara cin hantar. Mugun abin shi ne a ranar farko ba a ganin komai sai tashin zuciya da kasala, waɗanda za a ɗora wa mura ko Tamiflu. Ciwon gefen ciki na dama da shawara sukan bayyana ne bayan kwana biyu zuwa uku. Akwai makarinsa a asibiti, amma ya fi aiki idan an bayar cikin sa'o'i takwas na farko, don haka wanda ya gane ya zarce kada ya jira alamu.

A Amurka, farasitamol ne kan gaba wajen haddasa mutuwar hanta farat ɗaya, kuma kusan rabin masu shiga wannan hali ba da gangan suka sha ba. A ƙasar nan kuwa akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawansu kuma ba su sani ba. Mai ciwon hanta, da mashayin giya, da ramammen da nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba, iyakarsu ba ta kai ƙwaya takwas ba.

Ta fuskar tattalin arziki, matsalar ta bayani ce: mai sayarwa ya san abin da ke cikin kaya, ko ya kamata ya sani, mai saye bai sani ba. Yadda ake cinikin magani a unguwanninmu yana ƙara faɗaɗa wannan giɓi. Mutum yakan zo ya ce a haɗa masa maganin mura na kuɗi kaza, sai yaron kanti ya ɓalle biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya ƙulle a leda, babu kwali balle takardar bayani. Talauci ne ya haifar da wannan salon, tunda sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci suke fitowa. Faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yunin 2023, da sanarwar kamfanin GSK a watan Agustan wannan shekara cewa zai daina harkarsa kai tsaye a ƙasar, sun sa farashin sanannun magunguna ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka koma ga sunayen da ba su saba da su ba. Duk sabon suna kuwa wata dama ce ta shan abu ɗaya sau biyu.

Birtaniya ta tunkari irin wannan matsala ta hanyar kasuwa. A 1998 ta taƙaita kwalin farasitamol zuwa ƙwaya 16 a kantunan kayan masarufi, 32 a kantin magani, kuma bincike ya nuna mace-macen da yake jawowa sun ragu bayan haka. Wannan dabara ba za ta yi tasiri sosai a inda ake sayar da magani ƙwaya-ƙwaya ba. Abin da zai yi aiki a nan ya fi sauƙi, kuma bai ci ko kwabo ba: mai kanti ya tambayi abin da mutum ya riga ya sha, kada ya haɗa masa abu biyu masu farasitamol a ƙulli ɗaya, ya kuma rubuta sunan kowane magani a jikin leda. Masu shigo da kaya da masu masana'antu su ma ba za su yi asara ba idan suka buga sunan sinadarin da manyan baƙaƙe a bayan kowane kati, ba a kwali kaɗai ba.

Ibufurofen shi ma ba ya karo da Tamiflu, kuma tunda hanyarsa daban ce da ta farasitamol ana iya amfani da su biyun. Ba tare da umarnin likita ba, iyakarsa miligiram 1,200 a rana, bayan an ci abinci. Amma shi ciki da ƙoda yake taɓawa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu musamman daga mako na 20, su nisance shi. Mai hawan jini ya yi shawara tukuna, kamar yadda zai yi kafin shan maganin toshewar hanci, wanda shi ma yakan ɗaga jini. Mai zazzaɓin da ke gumi yana amai bai shan ruwa, ƙodarsa ta riga ta takura. Kada kuma a tara shi da daikulofenak ko asfirin, domin dangi ɗaya ne, illarsu taruwa take yi.

Asfirin kuwa hukuncinsa a kan yara a yanke yake. Ba a ba yaro ko matashi mai mura ko ƙarambau, saboda wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, wadda ake kira da sunan likitan Ostareliya Douglas Reye da ya bayyana ta a 1963. A 1980 an samu yara 555 da ita a Amurka. Bayan gargaɗin hukumomi da tilasta rubuta kashedi a jikin kwalba a 1986, adadin ya faɗo zuwa ƙasa da 40 a shekara. Birtaniya ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 16. A nan ma suna na iya ruɗar da iyaye, domin garin Alabukun, wanda ake sayarwa a kusan kowace tasha, asfirin ne da kafin. Yaro farasitamol ake ba shi gwargwadon nauyinsa, miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu a kwana, a kuma auna da murfin awo ba cokalin abinci ba. A sayi na ruwan a wurin da aka amince da shi. Ƙasar nan ta yi asarar yara fiye da 100 a 1990, da wasu 84 tsakanin 2008 da 2009, sanadiyyar maganin ruwa mai farasitamol da aka haɗa da gurɓataccen sinadari.

Matafiya su lura da wani sabon maganin infuluwenza mai suna Xofluza, na kamfanin Shionogi na Japan, wanda aka amince da shi a 2018, kuma sau ɗaya tak ake shan sa. Shi abokin gabarsa ba farasitamol ba ne. Madara da nono da yogot, da maganin ƙwannafi, da ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, su ne ke riƙe shi a hanji su hana shi shiga jini. Wanda ya kora shi da fura da nono ko shayi mai kauri ya rage wa kansa amfanin abin da ya saya da tsada. Relenza kuma, da ake shaƙa ta baki, bai dace da mai asma ba.

Duk kayan da ke da tsada kuma ake rububinsa, 'yan jabu ba sa barin sa. A 2009, ana tsakiyar murar aladu, hukumar magunguna ta Amurka ta yi odar Tamiflu ta intanet don gwaji, sai aka aiko mata da fararen ƙwayoyi daga Indiya, da aka auna aka tarar hoda ce da farasitamol, babu ko ɗigon oseltamibir. Dabarar a fili take: jabun zai sauke zazzaɓi, mai saye ya ɗauka magani ya yi aiki, alhali an ƙara masa farasitamol ɗin da bai sa a lissafi ba. Maganin bairas ba ya cikin kayan da lasisin ƙananan masu kemis ya ba su damar sayarwa, sai cikakken kantin magani mai rajista, bisa takardar likita, kuma da lambar NAFDAC a jiki. Rufe shaguna sama da dubu a Sabon Garin Kano a watan Fabrairun 2024 don mayar da dillalai cibiyar Dangwauro, da samamen da aka kai kasuwannin magani na Idumota da Anaca da Aba a farkon 2025, sun nuna hukumomi sun fara matsa wa wannan fanni lamba.

Akwai kuma abin da ya keɓanci yankinmu. A nan zazzaɓi ba shi da fuska ɗaya. Abin da aka ɗauka mura ce yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, wanda gwajin jini na 'yan mintoci ke tabbatarwa, sa'an nan watannin rani su ne lokacin zazzaɓin Lassa da sanƙarau. A cututtukan da ke sa zubar jini, irin su Lassa da dengi, asfirin da ibufurofen na iya ƙara dagula lamari, shi ya sa farasitamol ya fi zama abin farawa kafin a san abin da ake ciki. Kafso ɗin kashe bakteriya da ake cusa wa cikin kowane haɗin mura ba ya taɓa bairas. Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko wuya ya sanƙare, ko mutum ya fara ruɗewa, ko zazzaɓi ya tafi ya dawo da ƙarfi, ko ya wuce kwana uku, maganar kemis ta ƙare, sai asibiti.

Su kuma masu ma'aikata, daga mai masana'anta zuwa mai rumfa da yara uku, akwai nasu kason. Ma'aikacin da ya danne zazzaɓi da farasitamol ya zo aiki bai warke ba, yana nan yana yaɗa ƙwayar, musamman a kwanaki uku na farko. Ladan kwana biyu da maigida ya ƙi yafe wa mutum ɗaya, yana iya biyan sa da jinyar mutum biyar. Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke bayarwa ita ce mutum ya zauna a gida har sai jiki ya fara sauƙi, kuma ya yi sa'o'i 24 babu zazzaɓi ba tare da ya sha maganin sauke shi ba.